Muryar da Ta Raka Matuƙin Jirgi

Asabar, da dare.

Tun da hantsi ruwa ya tsuge, bai ɗauke ba sai bayan la'asar, don haka in ban da masallaci ban leƙa ko'ina ba. Bayan azahar na zauna na kalli wani tsohon fim na Ingila da ƙanina ya daɗe yana kwaɗaita mini, A Matter of Life and Death, wanda Michael Powell da Emeric Pressburger suka shirya, ya fito a 1946.

Labarin ya fara a daren 2 ga Mayu, 1945, saura 'yan kwanaki Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare a Turai. Wani jirgin yaƙi ƙirar Lancaster yana hanyar komawa gida wuta na cin sa, matuƙinsa Peter Carter ya sa mutanensa sun dira da laima, shi kuwa tasa ta lalace. Da ya ga babu makawa, sai ya kama hira ta rediyo da June, wata Ba'amurkiya mai aikin sadarwa a gaɓar Ingila, wadda bai taɓa gani ba. Ba ta da ikon ceton sa, kuma ta san haka, amma ba ta katse shi ba har ya faɗa cikin hazo.

A nan na dakatar da fim ɗin, domin idanuna sun ciko. Daren da Baba ya rasu ina kan hanya, ban riske shi ba, kuma wata ma'aikaciyar jinya ce ta riƙe hannunsa tana laƙƙana masa kalmar shahada.

Da na ci gaba, sai ga Peter ya farka a bakin teku da ransa, wai manzon da aka aiko daga sama don ya ɗauke shi zuwa lahira ya ɓata a cikin hazon. Ya haɗu da June, so ya shiga tsakaninsu, shi ya sa da aka dawo neman sa ya ƙi tafiya, ya ɗaukaka ƙara zuwa kotun sama. Wannan ɓangaren bai kwanta mini ba da farko, saboda na yi imani ajali idan ya zo ba a jinkirta shi ko da ƙiftawar ido. Sai dai masu fim ɗin sun yi hikima: likita Reeves ya gano cewa Peter yana da rauni a ƙwaƙwalwa, shi ya sa yake jin ƙamshin soyayyar albasa duk sa'ad da manzon ya zo, kuma shari'ar tana gudana ne daidai lokacin da yake kwance ana yi masa tiyata. Da wannan fahimtar na kalli saura, a matsayin fafutukar mutumin da bai gaji da rayuwa ba. Har launin ma ya nuna haka, domin duniya aka ɗauka da kala, sama kuwa baƙi da fari.

Muhawarar da aka yi a kotun kan Ingila da Amurka ta yi mini tsawo. Hankalina yana can wurin hirar farko.

Bayan isha'i na kira gida, na ce, "Inna, ko kin tuna sunan matar nan ta asibiti?" Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce ba ta taɓa tambaya ba, amma kullum asuba tana saka ta a addu'a.