Asabar ɗin da na ba fentin mota

Asabar, Kano, tsakiyar hunturu.

Tun daren jiya na roƙi Baba maigadi kada ya taɓa motar da safe. Al'adarsa ce kafin in fito ya ɗauki busasshen tsumma ya goge ƙurar da ta kwana a kanta. Don kyautatawa yake yi, kuma duk layinmu haka ake yi. Amma na daɗe da yarda cewa wannan gugar ta fi rana cin fentin motocin garin nan. Ƙurar hunturu ba gari ba ce mai laushi kamar yadda ido ke gani. Da yawanta daga ƙwarin Bodele da ke arewacin Chadi iska ke kwaso ta, inda tsohon tafki ya ƙafe, ta haɗu da ɓarɓashin yashi a hanya, shi kuwa yashi ya fi fenti tauri nesa ba kusa ba. Idan aka danna shi da tsumma aka ja, sai ya bar siraran zane. Su ne waɗannan da'irori da ake gani a kan bonet idan rana ta haska baƙar mota.

Tawa Corolla ce 'yar Kwatano, shuɗiya mai duhu, kuma duhun launi ba ya ɓoye komai.

Bayan sallar asuba na jira gari ya ɗan waye, sannan ni da ƙanena muka tura ta ƙarƙashin rumfar kwano. Wanke ta zan yi in shafa mata man kare fenti, kuma ba a wannan aiki a rana, don ruwa da mai duk bushewa suke yi kafin hannu ya kai gare su. Muka fara kwara mata ruwa sosai ba tare da mun taɓa ta ba, sai da jan ruwa ya daina zuba. Bokiti biyu na ajiye, ɗaya na kumfa, ɗaya na ɗauraye soso, don kada dattin da aka kwaso daga jiki ya koma jiki. Ƙanena ya miƙo garin sabulun wanki, na ce a'a, na mota za mu sa. Na wankin kaya an yi shi ne don ya narkar da maiƙo, yau ba zai yi ɓarna ba tunda babu komai a jikin, amma ran da aka shafa kakin da ke kare fenti, wanki kaɗan da shi ya isa ya tafi da wahalar mutum. Gara hannu ya saba tun yanzu. Daga sama muka faro, ƙasan ƙofofi da tayoyi a ƙarshe da wani soson daban. Muka tsane ta nan take, saboda ruwan burtsatsenmu idan ya bushe da kansa yana barin fararen ɗigo masu wuyar fita.

Daga nan aka shiga wurin da na fi so. Na zura hannu a cikin farar leda na shafa rufin motar. Ido na ganin ta fes, amma yatsu na jin tsaki-tsaki ko'ina. Na ba ƙanena ledar ya gwada, ya ɗago ya ce, "Yaya, ai ba ta wanku ba." Ta wanku. Abin da ya ji ya riga ya nutse cikin fentin: ɗigon kwalta, ƙurar birki, da ɗanƙon darbejiyar da nake fakewa ƙarƙashinta a wurin aiki. Sabulu ba ya fitar da su. Akwai wani yumɓu na roba da ake sayarwa don haka, ana fesa ruwan kumfa a wuri, a zame shi a kai a hankali, shi kuma ya riƙa tsince su. Da ya yi baƙi sai a naɗe shi a buɗe sabon gefe. Idan ya faɗi ƙasa an yi asararsa, don yashin da ya kwasa ba ya fita. Wannan mataki shi ya ci mana safiyar, kuma ban ji haushin lokacin ba ko kaɗan. Duk abin da za a shafa daga baya, a kan wannan tsabtar zai zauna.

Muna cikin haka Alhaji maƙwabcina ya leƙo. "Malam, wannan wahala duk ta mece ce? Ka kai ta wurin wanki su sa mata folish da inji, minti nawa ne?" Na ce, "Ranka ya daɗe, folish kankara yake yi." Na yi masa bayanin yadda na fahimci abin. Fentin mota hawa-hawa ne: na ƙasa mai kama ƙarfe, sai launi, sai wani garai-garai a sama wanda shi ne ke ba da sheƙi yana tare hasken rana. Dukansu a haɗe ba su cika wuce maikiron 100 zuwa 150 ba (maikiron dubu ne milimita ɗaya), na saman kuwa wajen 40 zuwa 50 ne, bai kai kaurin silin gashi ba. Kowane zagaye na inji yana rage shi, kuma ba ya tofowa. Ranar da ya ƙare, sai ka ga rufi da bonet sun yi fari-fari suna ɓarewa, irin wanda muke gani a tsofaffin motocin haya. Daga nan babu sauran magani sai wurin mai fenti. Alhaji ya yi shiru, ya je ya shafa rufin tasa motar, ya dawo ya ja kujera.

Wajen hantsi na buɗe silant ɗin. Shi haɗin masana'anta ne, ruwa-ruwa, yana kama jikin fenti ya zama siririn rufi mai jure zafi da sabulu, kuma mai kyau yakan kai wata huɗu zuwa shida. Ɗigo kaɗan a kan soso mai laushi ya ishi rabin ƙofa. Yawancin mutane labtawa suke yi, suna ganin yawa shi ne kariya, alhali abin da ya taɓa fentin ne kawai ke zama, sauran tsumma ne zai kwashe. Na bi ta gefe-gefe, ina kauce wa baƙar robar gilashi da ta bamba, don takan yi fari idan ya taɓa ta. Da ya yi hazo-hazo na ja yatsa a kai, wurin ya fito tas, alamar ya isa gogewa ke nan. Muka goge da tawul mai laushi, muna juya shi akai-akai.

Kakin kuwa yana cikin gwangwaninsa, ban taɓa shi ba. Ƙanena ya so mu gama komai yau, amma a jikin kwalbar silant an rubuta a ba shi awa 12 kafin ruwa ko wani abu ya hau kansa. Kuma jerin ba ya juyuwa: silant a ƙasa, kaki a sama. Idan kaki ya riga shi, silant ba zai sami fentin da zai kama ba.

Na buɗe gwangwanin dai don Alhaji ya gani. Kakin karnuba ne, daga ganyen wani irin giginya da ke fitowa a arewa maso gabashin Barazil, a jihohi irin su Piyawi da Siyara. Itacen yana fitar da shi ne don ya kare ganyensa daga zafi da ƙishi. Ana yanke ganyen, a shanya, a bubbuge, garin ya zubo a narkar. Sai zafi ya haura digiri 80 yake narkewa, kuma tsantsarsa tauri gare shi, shi ya sa ake cuɗa shi da mai kafin a iya shafawa. A ranarmu ta Kano ba ya daɗewa, in ya yi wata biyu ya yi ƙoƙari. To me ya sa nake sa shi? Saboda zurfin da yake ba launi mai duhu, wanda silant kaɗai ba ya bayarwa, kuma saboda kashin tsuntsu da na jemage su fara cin sa kafin su kai ga abin da ke ƙasa. Shi ne mai arhar sabuntawa.

Da la'asar iska ta taso, sararin sama ya yi fari. Alhaji da kansa ya ce a shigar da motar garejinsa ta kwana, tunda tasa rumfa a rufe take ta ko'ina. Na ji daɗin wannan ƙwarai, don ƙurar dare ɗaya ta isa ta sa in sake wanki kafin kaki.

Bayan magariba na zauna da Baba maigadi. Na ce, "Baba, daga yau in ka ga ƙura a jikinta, ka bar ta. In akwai ruwa a kwara, in babu ta fita haka." Ya ce mutane za su ce ba ya kula da motar gidan. Na ce duk wanda ya faɗa a turo shi wurina. Na ba shi sabon tawul biyu, ɗaya na gilashi kaɗai, ɗaya na tsane jiki bayan ruwa.

Kafaɗuna suna ciwo. Gobe in Allah ya kai mu, kaki da sassafe kafin rana ta ɗaga, sannan mu duba rufin motar Alhaji, don na hango wani wuri kusa da gilashin baya da ya fara dusashewa.