Yadda na haɗa takardun yara muka tashi zuwa Accra

Fasfo yana faɗin ko wane ne yaro, amma ba ya nuna cewa matar da ke riƙe da hannunsa ita ta haife shi. Wannan na gane sa'ad da na kai yarana biyu gaida kakarsu a Nima, ɗaya daga cikin manyan zangunan Accra, babansu kuwa aiki ya riƙe shi a Kano.

Tunda Ghana da Najeriya duk 'yan ECOWAS ne, babu maganar biza. Amma kowane yaro da nasa fasfon, har na goyo. Zamanin da ake liƙa yaro a fasfon uwa ya wuce. Shi kuwa fasfon ba a farawa da shi. Sai an karɓi takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, ba 'yar takardar da asibiti ke bayarwa ranar sallama ba. Da ita ake yi wa yaro lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN, wadda ake jinginawa da ta uba ko ta uwa idan bai kai shekara 16 ba. Sannan a nufi ofishin shige da fice da yaron a hannu, da takardar amincewar iyaye, domin dole a ɗauki hotonsa a can. Autana ya sha kuka kafin ya yarda ya kalli kyamara. Fasfon yara shekara 5 yake yi, mai shekara 10 na manya ne.

Inda na fi zuba ido shi ne suna. Mu Hausawa mukan rubuta suna yadda ya zo mana: yau Aisha, gobe Aishatu, a makaranta Muhammad, a asibiti Mohammed. Kwamfuta ba ta san wannan zumuncin ba. Harafi ɗaya ya bambanta tsakanin takardar haihuwa da NIN, aiki ya tsaya sai an gyara, gyaran kuma ba na yini ɗaya ba ne. Da na je sayen tikiti, fasfon na buɗe a gaban mai sayarwa ya kwafa harafi bayan harafi. Jaririn da bai kai shekara 2 ba a cinya yake zama, amma shi ma sai an yanka masa tikiti da sunansa.

Daga Kano zuwa Legas ba wanda ya matsa mana. A teburin fita ƙasa aka yi ta ta ƙare. Ni ina amfani da sunan mahaifina, su kuma na babansu, don haka babu abin da ya haɗa fasfona da nasu. Jami'in, wanda aka yi sa'a yana jin Hausa, ya juya fasfunan ya ce, "Hajiya, ina babansu?" Na miƙa masa takardun haihuwa, inda sunana yake a gurbin uwa, da wasiƙar da maigidana ya sa wa hannu, mai ɗauke da sunayen yaran, lambobin fasfonsu, inda za mu, ranar dawowa da lambar wayarsa, haɗe da kwafin fasfonsa. Ya karanta, sannan ya sunkuyo ya tambayi babbar, "Wace ce wannan?" Ta ƙanƙame gyalena ta ce, "Ummana ce." Ya buga hatimi.

Wata da ke bayana a layi tana ta gunaguni, wai wannan wulaƙanci ne. Ni ban ga haka ba. Ƙasar da sai da ta kafa hukumar NAPTIP a 2003 saboda safarar mutane, gara a tsayar da ni a tambaye ni da a bar wani ya wuce da ɗan da ba nasa ba.

Da muka sauka, katin rigakafin shawara aka fara nema kafin fasfo. Ghana na buƙatarsa ga duk wanda ya kai wata 9, kuma ba ya fara aiki sai allurar ta kwana 10, saboda haka ba abin da ake bari sai jajibirin tafiya ba ne. Katin rigakafin yara na asibiti ba ya maye gurbinsa. Mai ruwan ɗorawan nan ake so. Daɗin abin, tun 2016 allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa, sai dai a adana katin, don haka nasu yana cikin jaka guda da fasfunan.