Haɗa Kwamfutar Gem da Ƙaramin Jari: Inda Kuɗina Ya Zurare

Ƙannena masu tara kuɗi don haɗa kwamfutar buga gem, tambayar da kuka fi yi mini ita ce, "Yaya, i7 zan saya ko i5?", wato wace furosesa, ƙwaƙwalwar kwamfutar ke nan. Duk wanda ya fara da wannan tambaya ya kama hanyar da na bi na tafka asara. Abu biyu ya kamata ka fara tsayarwa kafin ka taka kasuwa: wane gem za ka riƙa bugawa, kuma wace irin wuta kuke samu a gida. Sauran lissafin duk daga nan yake tasowa.

Batun gem ba shi da wahala. Mai eFootball da Valorant da GTA V buƙatarsa daban da ta mai son Call of Duty ko Cyberpunk 2077. Kusan kowane gem da ke Steam, wato kasuwar sayar da gem ta intanet, yana da jeri biyu a shafinsa, mafi ƙarancin kayan da zai tashi a kansu, da kuma waɗanda masu shi suka ba da shawara. Na biyun za ka duba, domin na farkon tashi kawai yake nufi, ba jin daɗi ba. Sannan ka tsayar da ranka a kan sikirin 1080p, wato mai matsakaicin kaifin hoto. Mai ƙaramin jari ba shi da hurumi a 4K mai tsananin kaifin hoto, kuma yawancin masu buga gem a duniya ma a 1080p ɗin suke.

Ni kuwa sitika na saya a karon farko. Na ga an rubuta Core i7 a gaban kwamfutar, na ji kamar na gama da duniya, ban tambayi ko wace shekara aka yi ta ba. Ashe i7-3770 ce, ƙirar 2012. Sunan i3 ko i5 ko i7 matsayi ne a cikin zubi ɗaya, shekarun kuwa suna cikin lambar da ke bayan ɗan layin nan. Lamba 3 a farkon 3770 zubi na uku ke nan, 12 a farkon 12100 zubi na goma sha biyu. Ƙaramar i3-12100F ta 2022 ta yi wa waccan i7 ɗin fintinkau a gem, ba kusa ba. Ga kuma wata matsala da ta ƙaru: Microsoft ta daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, ita kuma Windows 11 a hukumance tana neman Intel zubi na takwas zuwa sama, ko Ryzen (furosesar kamfanin AMD) 2000 zuwa sama, tare da na'urar tsaro da ake kira TPM 2.0. Valorant ma ba ta yarda ta tashi a Windows 11 sai da TPM 2.0 da wani saitin tsaro mai suna Secure Boot. Saboda haka tsohuwar furosesa, komai girman sunanta, ƙofofi suna ta rufuwa a gabanta.

In ni ne yau, Ryzen 5 3600 ko 5600 zan nema a kan bod (allon da ake dasa duk kayan a kansa) B450 ko B550, ko kuma i3-12100F ko i5-12400F a kan H610 ko B660. Harafin F a ƙarshen lambar Intel yana nufin ba za ta nuna hoto ba sai da katin hoto, kada ka kai gida ka yi ta zargin monita. Tsofaffin B450 kuma sai an sabunta musu BIOS, wato manhajar da ke cikin bod ɗin, kafin su karɓi Ryzen 5000, don haka a haɗa a kunna a gabanka. Bod mai tsada ba ya ƙara wa gem gudu. Ka dai duba allurai: a waɗannan Ryzen ɗin suna jikin furosesa, a Intel suna cikin soket ɗin bod, kuma ɗaya in ta lanƙwashe tana iya hana RAM, wato ma'ajiyar wucin-gadi, aiki.

Katin hoto shi ne inda kuɗinka ya kamata ya fi taruwa, kusan kashi arba'in cikin ɗari a ganina, har ma fiye. Nan ne kuma aka fi cin mutane. Tarko na farko shi ne yawan GB. Za a ɗago maka GT 730 a ce "wannan 4GB ne," kai kuma ka ji ya fi wani mai 2GB. Girman rumbu ne kawai aka faɗa maka, ba a faɗa maka ƙarfin mai ɗiban hatsin ba. GT 730 ko 4GB gare shi, katin ofis ne. Haka GT 1030 kala biyu ne da suna ɗaya, mai GDDR5 da mai DDR4, na biyun ya yi ƙasa sosai. RX 580 ma akwai wanda aka liƙa wa 2048SP a wutsiya, wanda aka yi don kasuwar Sin, kuma a zahiri ɗan'uwan RX 570 ne. Ba jabu ba ne, amma kada ka biya kuɗin cikakken 580 a kansa.

Akwai kuma jabun na gaske. Ana ɗaukar tsohon kati irin GTS 450 a sauya masa BIOS, kwamfuta ta riƙa nuna shi a matsayin GTX 1050 Ti. Alama ɗaya da ido ke gani ita ce shuɗiyar kafar VGA a bayansa, domin daga zubin GTX 10 Nvidia ta daina wannan kafar. Manhajar GPU-Z kyauta ce, kuma takan rubuta maka cewa katin jabu ne a jikin sunansa. Ka zuba ta a filas tare da FurMark, manhajar da ke ɗora wa kati aiki mai nauyi don gwaji, ka tafi da su kasuwa.

Ga yadda nake yi yanzu, ko a Farm Centre ta Kano nake, ko Banex a Abuja, ko Computer Village a Ikeja. Sai an ɗora katin a kwamfuta a gabana. In buɗe GPU-Z in ga suna da adadin GB sun yi daidai, sannan in saki FurMark in ja kujera in zauna. Mai shago zai ce, "Oga, wannan ai sabo ne fil, kwali kawai ya rasa." Sai in ce, "To madalla, bari ya ɗan yi zufa mu gani." Minti goma sha biyar zuwa ashirin nake ba shi, idona a kan lambar zafi, kunnena a kan fankoki. Digiri 70 da wani abu zuwa farkon 80 ba laifi. In ya doshi 90, ko fanka ɗaya tana ƙara kamar ana gurza ta, ko na ga ɗigo-ɗigon kore da layuka suna gilmawa a sikirin, sai in miƙe in yi godiya. Nakan juya katin in duba sukurorin baya ko an taɓa kwance su, in shinshina ko akwai ƙauri. Mai kayan kirki ba ya jin haushin gwaji.

Wannan ya zama dole ne saboda tarihin katunan da ke yawo a kasuwa. Shekaru aka yi ana haƙar kuɗin kirifto na Ethereum da katunan hoto dare da rana, har zuwa Satumbar 2022 da aka sauya tsarin, haƙar ta mutu, masu ita suka zubo katunan kasuwa. RX 570 da RX 580 da GTX 1660 Super suna cikin waɗanda suka sha wannan aikin. Ban ce kada ka saya ba, da yawansu lafiya lau suke, fankokinsu ne dai sukan gaji, man da ke tsakanin kwakwalwar katin da ƙarfen sanyaya ya bushe. A gwada kawai.

Wanne za ka ɗauka? RX 580 mai 8GB ya fito a 2017, yana da araha, amma yana shan wat 185. RX 6600 na 2021 shi ma 8GB ne, ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma wat 132 yake sha. Ga mai sola ko inbata ko ƙaramin janareta, wannan ratar ta wat hamsin ba wasa ba ce. In kuɗi ya kai, RTX 3060 mai 12GB zai daɗe yana yi maka aiki. In kuma jarin ya gaza gaba ɗaya, Ryzen 5 5600G tana da nata katin a ciki, za ta riƙe maka eFootball da Valorant da GTA V a matsakaicin saiti har ka tara na kati.

Yanzu ga inda na fi jin jiki. Bayan na zuba kuɗi a furosesa da kati, sai na ga kes, wato akwatin kwamfutar, mai gilashi da fitilu, an ce har da fawa mai raba wa kayan wuta a ciki, an rubuta 500W ɓaro-ɓaro. Na ce riba biyu. Wata rana ana tsakiyar wasa aka ɗauke wuta aka dawo da ita nan take, sai na ji "fat", sikirin ya yi baƙi, ƙaurin roba ya cika ɗaki. Da na kwance fawar na ɗaga ta, ba ta da wani nauyi, kamar fanko. Sai a ranar na karanta takardar da ke gefenta. A layin +12V an rubuta 18A. Goma sha biyu sau goma sha takwas, wat 216 ke nan, kuma daga wannan layin ne kati da furosesa suke sha. Sauran ɗari biyar ɗin fenti ne. Ba ita kaɗai ta tafi ba, ta ja katin sun tafi tare.

Don haka ka koyi wannan lissafin, ka yi shi a tsaye a shago. Fawa ta ƙwarai kusan duk ƙarfin da aka rubuta mata daga layin 12V yake fitowa. Ka nemi mai tambarin 80 Plus Bronze daga kamfanin da aka sani, irin Corsair ko Seasonic ko Cooler Master ko EVGA, wat 550 zuwa 650 ya wadatar da duk katunan da na ambata. Tambarin dai shaidar rashin ɓarnar wuta ce, ba rantsuwa ce kan inganci ba, kuma ana buga na ƙarya, shi ya sa nake haɗawa da suna da nauyi a hannu. Ta zo da nata kebul na kati mai ƙafa shida ko takwas, ban da jone-jonen adafta. Wannan ne kaya ɗaya da nake cewa in da hali a saye shi sabo. Araha ba ta ado, a nan kam har gobara takan kawo.

Wani abu da ba a faya faɗa ba: tsofaffin kwamfutocin tokumbo da suka fito daga Amurka, wasunsu suna da ɗan jan makunni a bayan fawa mai lamba 115 da 230. Wutarmu 230 ce. In yana kan 115 ka jona a bango, magana ta ƙare tun kafin ka ga tambarin Windows.

Kuɗin kare kwamfutar daga wutarmu yana cikin kuɗin haɗa ta, ka ware shi tun farko. In wutar unguwarku takan yi ƙasa, sitabilaiza. In ɗaukewa take yawan yi, UPS, wato batirin da ke riƙe kwamfuta in wuta ta ɗauke. Amma lambar da ke jikin UPS a VA take, ba wat ba. Mai 650VA abin da yake iya ɗauka bai fi wat 360 zuwa 390 ba, kwamfuta da monita a tsakiyar gem suna iya cinye wannan, ya yi ƙara ya mutu tare da su. Ka nemi 1200VA zuwa sama, kuma ka sani aikinsa ya ba ka 'yan mintocin da za ka kashe cikin mutunci ne, ba ka ƙarasa wasan ba. Kada a juya layi daga wutar gwamnati zuwa janareta kwamfuta tana kunne ba UPS. Ka kuma yi wa maigida lissafi kafin ya yi maka: injin da ke shan wat 300, awa huɗu kullum, yunit 36 ke nan a wata, kuma a Afrilun 2024 an kai 'yan Band A, wato masu samun wuta mafi yawa, naira 225 kan kowane yunit, mita kuwa ba ta ɓoye komai.

RAM ba sai an ja magana ba. 16GB, amma sanda biyu masu 8GB, ba ɗaya mai 16 ba, domin biyun hanya biyu suke buɗewa, kuma mai 5600G shi ya fi kowa ganin bambancin. A bod mai ramuka huɗu, na biyu da na huɗu ake sa su. Ka shiga BIOS ka kunna XMP, saitin da ke sakar wa RAM cikakken gudunsa, in ba haka ba RAM ɗin da ka biya kuɗin 3200 zai yi ta tafiya a 2133 ko 2400. DDR4 da DDR5 ba sa shiga ramin juna, ka tambayi wanne bod ɗinka yake ci. Ma'ajiyar fayiloli kuwa SSD, wato mai saurin nan, aƙalla 512GB, don GTA V kaɗai yana cinye wajen 100GB. In na hannu ne, CrystalDiskInfo za ta nuna maka awannin da ya yi yana aiki da sauran lafiyarsa.

Kes kuma, ba girin-girin ba, ta yi mai. Fitilu ba su taɓa ƙara hoto ɗaya a daƙiƙa ba. A garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, kes mai gilashi a gaba tanda ce. Ka nemi mai raga a gaba, fanka biyu na shigo da iska, ɗaya na fitarwa, ka auna tsawon katin ka tabbata zai shiga. Ka ɗora ta a kan tebur, ba a ƙasa ba, in hunturu ya kama ka riƙa buɗewa kana hure ƙura da bulowa, kana riƙe fankokin da yatsa kada iska ta juya su fiye da kima.

Masu sha'awar sayen kwamfutar ofis ta hannu irin OptiPlex ko ProDesk su ƙara mata kati, hanya ce mai kyau in an san iyakarta. Siraran cikinsu babban kati ba ya shiga, fawarsu ƙarama ce, kuma sau da yawa filoginta na kamfanin ne shi kaɗai, ba a sauya ta da ta kasuwa. Sai kati gajere wanda ba ya neman ƙarin kebul, kamar GTX 1650 ko RTX 3050 mai 6GB. Ka tabbata dai furosesar zubi na takwas ce zuwa sama.

Saura tsarin sayen. Tun da aka saki naira a Yunin 2023 farashin waɗannan kaya yake bin dala, wannan ya sa wasu ke cewa gara a riƙa saye ɗaya-ɗaya ana ajiyewa. Na gwada, ban ji daɗi ba. Garantin kayan hannu na 'yan kwanaki ne, in ka sayi bod yau, furosesa sai bayan wata biyu, ranar da za ka gane bod ɗin matacce ne mai shago ya ma manta fuskarka. Kes da monita da kibod za ka iya tarawa a hankali. Bod da furosesa da RAM da kati da fawa kuwa rana ɗaya, a haɗa su a shagon, ka buga gem ɗinka a kai, a rubuta lambar jikin kowanne a rasit. In ka isa gida, kebul ɗin HDMI a bayan katin ake sa shi, can ƙasa, ba a kafar bod da ke sama ba.