Godiya bayan gasar darar ces

Alhamdu lillahi, an yi gasa lafiya, an tashi lafiya. Ban ɗauko kofi ba, amma wasana na zagaye na huɗu kaɗai ya ishe ni murna, kuma shi ya sa ni wannan rubutu.

Baƙaƙen 'ya'yan dara ne suka faɗo mini. Abokin karawata ya buɗe da salon Italiya: soja zuwa gidan e4, doki f3, bishof c4 (harafi da lamba ne sunan kowane gida a allon). Da na fito da dokina f6, sai ya cillo nasa g5, shi da bishof suka zuba wa f7 ido, gidan da ba mai gadinsa sai sarki. Na tura soja d5, ya cinye. Nan take hannuna ya miƙa zan rama da doki. Allah ya sa ban kai ga taɓawa ba, don a gasa abin da ka taɓa shi za ka motsa. Sai muryar Malam, mai koya mini dara, ta faɗo mini a rai: kada ka ci, kai ɗaya dokin a5. Da na ci, da ya sadaukar da dokinsa a f7 ya janyo sarkina tsakiyar fili, tarkon nan da Italiyawa ke kira Fegatello, wanda ya haura shekara 400 yana kama mutane. Na haƙura da soja ɗaya, na bi dokinsa da h6 da e4 ina kora, ni kuwa mayaƙana suna ta fitowa. Daga ƙarshe ya tsayar da agogon wasa ya miƙo mini hannu, alamar ya sallama.

Malam, Allah ya saka da alheri. Na tuna yammacin da kake sa ni maimaita wannan buɗin a kan tabarma bayan La'asar, ina ƙosawa, kana sake jera 'ya'yan darar ba ko tsaki. Ko sisi ba ka taɓa karɓa ba.

Abokin karawata ma na gode masa. An ci shi, amma ya zauna muka sake bin wasan tun daga farko, har ya nuna mini inda na yi sakaci ban lura ba.

Masu shirya gasa da alƙalan wasa, sannunku da ƙoƙari. Yaya, kai ka biya mini kuɗin rajista ka kuma kai ni a babur, Allah ya ƙara buɗi. Umma, addu'arki ta kai. Malam, ina nan tafe ranar Asabar da takardar wasan, in sha Allahu.