Takardar da manaja ta mayar mini

Na ajiye aiki a gidan kula da masu lalurar otizim, wadda ke shafar magana da cuɗanya da mutane, da masu jinkirin fahimta a arewacin Ingila, kuma har yanzu takardar jin ra'ayi ce ke tsaya mini a rai. Duk wanda ya yi aikin ya san ta: fuska mai murmushi, fuska a murtuke, mutum ya zaɓi ɗaya.

Manajarmu murmushi zalla take so, balle in ta ji ƙishin-ƙishin masu duba gidaje na CQC, hukumar da ke sa ido kan gidajen kulawa, suna tafe. Akwai wani bawan Allah da magana ke masa wuya. Ka tambaye shi ko yana jin daɗin zama, zai ce e, don ya saba faranta wa mai tambaya, ko ya maimaita kalmar da ya ji a ƙarshe. Sai na ɗauki hotunan ɗakunan gidan, na baje a gabansa, na ja bakina. Kullum hoton ɗakin cin abinci yake kifewa. Ashe ƙugin injin wanke kwanuka da rediyon ma'aikata ne ke korarsa, yana tashi bai ƙoshi ba.

Na rubuta shi a matsayin ƙorafi. Manajar ta mayar mini da takardar, wai wannan halinsa ne kawai, kuma in daina cusa wa mutane magana a baki. Ni da ko uffan ban ce masa ba! A taron ma'aikata kuma ta yi habaici da 'yan zuwan jiya masu son koya wa na gida aiki.

Alhali ba bidi'a na kawo ba. Tun 2016 ƙa'ida ta wajabta wa asibitoci da gidajen kulawa na Ingila su yi mu'amala da naƙasassu ta hanyar da za su gane. A 2018 hukumar lafiya ta ƙasar, NHS, ta fito da shirin sauraron ƙorafin irin waɗannan mutane mai suna Ask Listen Do, wato a tambaya, a saurara, a aikata. Manajar ma ta fi ni sanin abin da ya faru a Winterbourne View, wani asibitin masu jinkirin fahimta kusa da Biristol, inda wani ma'aikacin jinya ya kai ƙarar cin zarafin da ake musu aka yi biris, sai da BBC ta shiga da ɓoyayyiyar kyamara a 2011.

Sauran darussan ba su da yawa. Wanda ke ba mutum abinci da magani bai kamata shi ne mai tambayarsa ko an ƙuntata masa ba. Tambaya ɗaya a lokaci guda, sannan a jira. A koma a gaya masa abin da aka gyara, in ba haka ba gobe ba zai ɓata lokacinsa ba. Kuma ka ajiye kwafin duk abin da ka rubuta.

Daga baya yayar bawan Allahn nan ta aiko da ƙorafin a rubuce, aka kashe rediyon, aka sauya lokacin wanke-wanke. A rahoton shekara an sa shi cikin nasarorin shugabancin gidan.