Godiya ga waɗanda suka zo Agege, har da masu fushi da babin ƙarshe

Assalamu alaikum. Wanda bai kai ƙarshen littafin nan nawa da na riƙa saki babi-babi ba, don Allah ya dakata a nan, domin zan faɗi wanda ya kashe Alhaji a cikin labarin. Kada gobe a ce na ɓata wa mutum karatu.

Alhamdu lillahi, zaman da muka yi ranar Asabar a Agege ya tashi lafiya, ko kujera ɗaya ba a karya ba. Na faɗi haka ne saboda tun daren da na saki babin ƙarshe wayata ba ta huta ba, kwana uku cur. Wata ta turo mini saƙon murya mai tsawon gaske, ko sallama babu, ta rufe da cewa Allah ya isa kuɗin datarta. Wani kuwa kalma ɗaya ya rubuto: "Haba!" Da maigidana ya ga na fara ƙin abinci, sai ya ce tunda yawancin masu faɗan a nan Legas suke, a tara su wuri guda, a dafa shayi, kowa ya amayar da abin da ke cikinsa. Saboda haka godiyar farko tasa ce. Shi ya biya kuɗin rumfa da kujeru, kuma har yau bai karanta littafin ba.

Ina godiya ga shugabar Islamiyyar da ta ba mu aron harabar makaranta, da ƙannena da suka yi ta zirga-zirga da buta da tabarma. 'Yan Idi-Araba da 'yan Obalende, Allah ya saka da alheri, na san abin da hanya ta ci muku. Mutanen Alaba Rago sun zo su huɗu a mota ɗaya, sun makara, amma sun shigo da balangu, don haka an yafe musu. Abokan maigida na Mile 12 kuwa kwandon tumatir suka dire mini, wai ladan rubutu.

To, ga inda rigimar take. Kusan kowa ya riga ya ɗaure amarya tun babi na biyar. Ita ce yarinya, ita ce mai rashin kunya, ita aka gani da makullin ɗakin ajiyar goro. Kun saba a littattafanmu idan gida ya kama da wuta a nemi ashana a hannun amarya, ni kuma na san kun saba, da gangan na bar ku a kan wannan hanya. Da ya bayyana cewa aminin Alhaji ne, mutumin da ya yi masa wanka, ya zauna a kan tabarmar makoki yana karɓar gaisuwa har sadakar uku, sai aka ce na yi ha'inci.

A wurin zaman na buɗe shafukan ɗaya bayan ɗaya. A babi na shida, mutumin nan ya ce wa ɗan sanda huhun da Alhaji ya faɗi a kai na farin goro ne, alhali an tarar da huhun a ɗaure, ganyen fita ya rufe shi ruf. Wanda bai ga lokacin da aka kwance shi ba, ta ina zai san launin abin da ke ciki? Sannan mutumin da bakinsa ba ya rabuwa da goro, tun ranar rasuwar bai sake kai ko ɓari ɗaya baki ba. Kun ce baƙin ciki ne. Na yi shiru. Wata baiwar Allah daga Obalende ta karɓi wayata ta karanta wurin da idonta, ta miƙo mini, ta ce, "Duk da haka ban yafe ba." Na gode mata, ta fi wasu gaskiya.

Wanda ya kashe musun shi ne Baba, dattijon da ya tsufa a harkar goro tsakanin Agege da Shagamu, wanda jikarsa ke karanta masa littafin bayan sallar isha'i. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "'Yata, su bar ki. Cinikin goro da baki ake yin sa, ba takarda. Mai kaya ya ba ɗan kamasho, ɗan kamasho ya tura Kano, kuɗi ya dawo bayan wata ɗaya ko biyu. Wanda zai iya cin kuɗinka ba ka sani ba, sai wanda ka yarda da shi." Ya ce tun babi na takwas ya gane mutumin, amma ya ƙi gaya wa jikar. Sai kuma ya juyo kaina: ba a barin huhu wata uku ba a taɓa ba kamar yadda na rubuta, dole a riƙa kwancewa ana tsince mai sankara ana sauya fita, in ba haka ba asara za a kwasa. Na karɓa hannu biyu. Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Amma wanda ya kayar da ni ƙasa warwas wani yaro ne mai tuƙa Marwa, wato abin da 'yan gida ke kira adaidaita sahu, nan kuwa sunan Buba Marwa ya bi shi tun yana mulkin jihar. Yana can baya, sai da aka kusa tashi ya ɗaga hannu. Ya ce, "Anti, labarin nan ba a azumin 2019 ya faru ba?" Na ce haka ne. Ya ce, "To kin ce mutumin ya fito daga ɗakin goro, ya hau gadar Pen Cinema, cikin minti goma an gan shi a wurin tafsiri. Anti, gadar nan sai 2021 aka buɗe ta. A shekarar da kike faɗa ana kan aikinta, ga damina, ga layin dogo. Ni na kwana a cunkoson wurin, wallahi ko tashi yake yi ba zai kai ba."

Wuri ya yi tsit, sannan aka fashe da dariya. Ma'ana dai, da hannuna na wanke mai laifi, tunda idan an gan shi a tafsiri a wannan lokacin, to ba shi ne a ɗakin goro ba. Kullum ina bin gadar nan, har na manta akwai lokacin da babu ita. Mutum uku suka duba mini littafin kafin ya fita, dukkansu suna Arewa, ba laifinsu ba ne. Ƙanena, na gode ƙwarai. Ka fi duk masu zagina amfani, kuma ka yi shi cikin ladabi.

Ga abin da na yanke. Kafin a buga shi a takarda zan gyara tafiyar daren nan, zan cire gadar, in sa shi ya ratsa ta lungu da ƙafa, in kuma ja lokacin tafsirin. Zan gyara maganar huhu yadda Baba ya ce. Masu roƙon in sauya mai laifi kuwa, ku yi haƙuri, aminin nan shi ya yi, amarya kuma za ta gama takabarta a ɗakinta.

Saura mutum ɗaya. Yaya, maƙwabciyata ta ƙofa da ƙofa, wadda ta soya mana cincin ɗin da kuka cinye, ta aiko da shi a hannun yara amma ta ƙi zuwa, saboda ta ci amarya da zagi wata biyu a gabana ina jin ta ban ce komai ba. Na gode, Yaya. Robar cincin ɗinki tana wurina, na wanke ta, kuma ba zan ba yara ba, sai kin zo da kanki.