Abin da ciwon akalasiya ya koya mini a ɗakin leƙa ciki

A cikin tambayoyin da muke yi wa mai fama da wahalar haɗiya, akwai guda ɗaya da take rage mana rabin aiki tun ba a kunna na'ura ba: ruwa ma yana tsayawa, ko tuwo da nama ne kaɗai? Idan ƙari ne ko tabo ya matse hanyar abinci, abu mai tauri ne ke fara gagara, kunu da ruwa su ci gaba da wucewa har sai ciwon ya yi nisa. Amma idan mutum ya ce tun farko ruwa da tuwo duk ɗaya ne a wurinsa, kuma an ɗauki shekaru ana haka, sai hankalina ya tafi ga akalasiya.

Ciwo ne da ba shi da yawa, a kowace shekara kimanin mutum 1 cikin 100,000 yake kamawa. A ƙarshen bututun abinci, daidai inda ya haɗu da tumbi, akwai wata tsoka mai zagaye da ke aikin ƙofa: loma ta iso ta buɗe, ta wuce ta rufe. Jijiyoyin da ke cikin bangon bututun su ne ke ba ta umarnin saki. A akalasiya waɗannan jijiyoyin ne suke mutuwa. Sai ƙofar ta ƙi buɗewa, shi ma bututun ya daina matsa abinci ƙasa, abinci ya taru, bututun ya yi ta faɗi. A Barazil da maƙwabtanta cutar Chagas, wadda wani ƙwaro mai shan jini ke yaɗawa, tana haddasa irin wannan lalacewa, amma a sauran duniya yawanci haka kawai yake zuwa.

Abin da ya fi damuna shi ne daɗewar da mutane ke yi kafin a gane. A wajenmu kusan duk abin da ya taɓa ƙirji ko ciki sunansa olsa. Mutum zai zo da leda cike da kwalayen maganin olsa, ya rame, ya ce: "Likita, abinci ba ya zama, da na kwanta sai ya dawo." Wannan dawowar ba amai ba ce. Abincin bai kai tumbi ba balle ya yi tsami, yadda aka haɗiye shi haka yake fitowa, wani lokaci ya jiƙa matashi cikin dare, wani lokaci ya sulale cikin huhu ya kawo tari da zazzaɓi. Akwai waɗanda aka yi ta nema musu tarin fuka saboda tarin dare da rama. Su kuma marasa lafiyar sun ƙirƙiro dabarunsu: cin abinci a tsaye, miƙe wuya, kora kowace loma da ruwa, gudun cin abinci cikin mutane. Idan ka tambayi wata, "Hajiya, kina iya ci a gidan biki?" sai ka ga ta sunkuyar da kai, domin ka taɓo inda ciwon ya fi cin ta.

Na koyi kada in amince da sunan ciwon sai na leƙa da idona. Kansar da ta fito a bakin tumbi tana iya kwaikwayon akalasiya har a hoto. Dattijo da ya haura shekara 55, wanda abin ya same shi cikin 'yan watanni kuma ya zube da sauri, wannan sai an sa tiyo mai kyamara, an shiga tumbi, an lanƙwasa kan tiyon an dubi mahaɗar daga ƙasa, an ɗebi nama idan an ga abin zargi. Bayan haka sai hoton da ake ɗauka mutum yana shan farin ruwan bariyam, inda ƙarshen bututun ke tsukewa ya yi siffar bakin tsuntsu. Gwajin da ke yanke hukunci shi ne awon matsin bututun da siririn tiyo ta hanci, wanda ya raba ciwon gida 3. Nau'i na 2 ya fi jin magani. Na 3, mai murɗawa da ciwon ƙirji, ya fi taurin kai. Na'urar awon nan ba kowace asibiti ke da ita ba, shi ya sa labarin mara lafiya da hoton bariyam suke da nauyi sosai a hannunmu.

Babban darasin kuwa shi ne, duk magungunan da ake da su abu ɗaya suke yi: raunana tsokar nan domin abinci ya faɗa da nauyinsa. Babu wanda ke raya jijiyoyin da suka mutu. Tun a 1674 likitan Ingila Thomas Willis ya rubuta yadda ya ba wani mara lafiya sanda ta ƙashin babban kifin teku mai soso a baki, yana tura abinci da ita bayan ya ci. A 1913 Ernst Heller na Jamus ya yi tiyatar yanke tsokar, wadda har yau ake yi da sunansa, sai dai yanzu ta 'yan ƙananan huji a ciki ake shiga, a kuma naɗe wani sashe na tumbi a mahaɗar don tare tsami.

Ta hanyar tiyo mai kyamara akwai allurar Botox, wadda ke saki tsokar na 'yan watanni, ba ta cika wuce shekara ba. Ina ajiye ta ne don tsofaffi da marasa ƙarfin da ba za su jure wani abu ba. Sai balan-balan mai tauri da ake hurawa a mahaɗar har zaren tsokar ya yage. Ana farawa da mai faɗin milimita 30, idan bai isa ba a koma 35, sannan 40. Aikin ba ya ɗaukar lokaci, amma kusan kashi 2 cikin 100 bututun yana hujewa, don haka ba na yarda a hura shi a inda babu likitan tiyata a kusa. Ciwon ƙirji mai tsanani ko zazzaɓi bayan aikin ba abin da za a ce a jira gari ya waye ba ne. Wani babban bincike na Turai da aka fitar a 2011 ya nuna balan-balan, idan ana maimaita shi yadda ya dace, yana kafaɗa da kafaɗa da tiyatar Heller bayan shekara 2. Wannan ya sa ban raina shi ba, ko da yake yanzu an fi ɗokin sabon aiki.

Sabon aikin shi ne POEM, wato yanke tsokar daga ciki da tiyo mai kyamara, wanda likita Haruhiro Inoue ya fara yi wa ɗan Adam a Yokohama ta Japan a 2008. Duk wanda ya tsaya ya kalli yadda ake yin sa zai jinjina wa hikimar. Ana sa mutum barci, a shiga ta baki. Kimanin santimita 10 sama da mahaɗar, a yi allurar ruwan gishiri mai shuɗin launi a ƙarƙashin fatar cikin bututun har ta kumbura, a tsaga ta kaɗan, tiyon ya kutsa tsakanin fata da tsoka. A haka ake haƙa rami a hankali, ana ƙona ƙananan jijiyoyin jini, har a shiga santimita 2 zuwa 3 cikin tumbi. Sannan a dawo a yanke tsokar daga cikin ramin, a fito, a rufe tsagar da 'yan maƙalai. Fatar da aka bari lafiya ita ce ke kare ƙirji daga abin da ke cikin bututun, shi ya sa duk hankalin mai aikin yana kanta. Iskar da ake hurawa ma ba iska ce ta yau da kullum ba, kabon dayoksaid ce, domin jiki yana shanye ta da wuri idan ta ɓalle cikin ƙirji ko ciki. Babu tabo ko ɗaya a waje. Kuma da yake mai aikin yana iya tsawaita yankan sama yadda ya so, ga nau'i na 3 babu kamarsa.

Amma ƙofar da aka yanke ba ta tare abin da ke tasowa daga ƙasa. A 2019 an fitar da binciken da ya gwada POEM da tiyatar Heller a kan mutum 221. Wajen samun sauƙin haɗiya bayan shekara 2 kusan kunnen doki suka yi, kashi 83 da kashi 82 cikin 100. Wajen ƙunar da ruwan tsamin tumbi ke yi wa bututun kuwa, wata 3 bayan aiki an same ta a kashi 57 na waɗanda aka yi wa POEM, a kashi 20 na 'yan Heller. Wani binciken na shekarar ya nuna POEM ya fi balan-balan nesa ba kusa ba, kashi 92 da 54, amma nan ma tsamin ya fi yawa a ɓangarensa. Abin tsoron shi ne da yawa ba sa jin ƙwannafi ko kaɗan, bututun yana ƙonewa su suna murna sun dawo cin tuwo.

Saboda haka idan zan ba da shawara, ba ciwon kaɗai nake kallo ba, har da inda mutum yake zaune da abin da ke aljihunsa. Wanda zai iya sayen maganin rage tsami na shekaru, ya kuma dawo a sake leƙawa, POEM ya dace da shi. Matashin da ya fito daga ƙauye mai nisa, wanda na san da wuya in sake ganinsa, na fi samun natsuwa a yi masa Heller da naɗin tumbi. Dattijuwa mai nau'i na 2 sau da yawa balan-balan ya ishe ta. Kowanne ne aka yi, kafin sallama nakan zaunar da mutum tare da wanda ya rako shi in ce: "Malam, bututun nan bai warke ba, hanya aka buɗe masa. Ka tauna sosai, ka ci a zaune ka kora da ruwa, kada ka kwanta sai abinci ya yi awa 3, ka ɗaga kan gadonka." Sannan in rubuta masa maki huɗun da muke bibiya, wato wahalar haɗiya, dawowar abinci, ciwon ƙirji da rama, kowanne daga 0 zuwa 3. Idan jimillar ta haura 3, ko ranar da aka ba shi ba ta yi ba, ya dawo.